Kano zuwa Abuja: lissafi ya ce minti 26, tikiti ya ce awa guda

Wani ɗan yayata da ke aji biyar a sakandare ya kawo mini ƙara kwanakin baya, wai kamfanonin jirgin sama suna yi wa mutane ƙarya da rana tsaka. Hujjarsa a rubuce take a bangon littafin lissafinsa. Ya duba a waya ya ga tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja kilomita 365 ne, ko kusa da haka. Ya ƙara dubawa ya ga Boeing 737 na cin kilomita 830 a awa guda. Ya raba wannan da wancan, ya sami minti 26. Amma tikitin mahaifiyarsa cewa ya yi tashi ƙarfe 9, sauka ƙarfe 10 da minti 5. Ya ce, "To Kawu, ina sauran minti arba'in ɗin suka shiga?"

Lissafinsa babu kuskure a ciki, kuma tambayar ba ta yara ba ce kawai. Wanda ya saba hanya ya san abin da ya fi wannan ɗaure kai. Daga Kano zuwa Legas kilomita 830 ne da 'yan kai, wato ya ninka na Abuja har da ƙari. Da a ce lokaci bin nisa yake yi sawu da ƙafa, da tafiyar Legas ta haura awa biyu. Amma awa ɗaya da rabi ake rubutawa a tikiti. Ashe ke nan akwai wani kaso na lokacin da babu ruwansa da nisa, kamar kuɗin tasha: ko Wudil za ka, ko Maiduguri, sai ka biya. A jirgin sama wannan kuɗin tasha ya kai rabin awa ko fiye. Wanda zai je Jidda ba ya jin sa, don ya ɓace a cikin doguwar tafiya. Wanda zai je Abuja kuwa, shi ne fiye da rabin tafiyarsa.

Abu na farko, agogon tikiti ba daga lokacin da jirgi ya bar ƙasa yake fara lissafi ba. Duk wanda ya taɓa ganin yaron mota ya san waigi, guntun katakon nan da ake sa wa taya kada mota ta gangara. Jirgi ma ana sa masa nasa idan ya tsaya. Lokacin da aka rubuta a tikiti yana farawa ne daga sanda aka zare waigi a wannan fili har zuwa sanda aka mayar da shi a wancan. A tsakani akwai tura jirgi baya, akwai tayar da injuna ɗaya bayan ɗaya, akwai jan ciki a hankali har zuwa bakin titin tashi, akwai jiran izini daga hasumiya. Bayan an sauka kuma a sake jan ciki zuwa wurin tsayawa. Ko a ranar da komai ya tafi salin-alin, wannan kaɗai na iya cin minti goma sha biyar, jirgi bai rage ko taku ɗaya daga kilomita 365 ɗin ba.

A Abuja abin ya fi tsanani, domin shekaru da dama titi ɗaya tal filin ke da shi, a kansa ake tashi, a kansa ake sauka. Duk wanda ya tuna watan Maris na 2017 ya san haka: da titin ya lalace, sai da aka rufe filin gaba ɗaya tsawon mako shida, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna, ana kwaso fasinjoji a motoci. Titi ɗaya yana nufin layi. Idan jirage uku sun shirya tashi, biyu kuma suna gangarowa, dole wani ya jira. Idan kuma wani babban mutum ne zai tashi ko zai sauka, kowa sai ya dakata, na ƙasa ya tsaya da injin a kunne, na sama ya yi ta kewaye kamar shirwa. Wannan jiran babu shi a taswira, amma masu tsara jadawali sun san da shi, kuma sun sa shi a lissafi.

Sai batun iska, wanda shi ne ya fi burge ni a cikin lamarin duka. Jirgi yana son ya tashi yana fuskantar iska, ya kuma sauka yana fuskantar ta, domin haka ne fukafukansa ke samun ɗauki tun bai yi gudu mai yawa a ƙasa ba. Lambobin da ake rubutawa a bakin titin jirgi alƙibla suke nunawa. Babban titin Kano 06 ne ta wannan baki, 24 ta wancan, ma'ana ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Na Abuja 04 da 22 ne, kusan kwanciyarsu ɗaya. Ba haka kawai aka shimfiɗa su ba. Iskar ƙasarmu biyu ce, kuma kowane manomi ya san su: ta hunturu mai zuwa daga arewa maso gabas da ƙurarta, da ta damina mai zuwa daga kudu maso yamma da raɓarta. Abuja tana kudu maso yamma da Kano. Saboda haka idan iskar damina ke kaɗawa, jirgin da ya tashi daga Kano ya riga ya fuskanci inda za shi tun daga ƙasa. Idan kuwa ta hunturu ce mai ƙarfi, sai ya tashi ya ba Abuja baya tukuna, ya ɗan yi sama, sannan ya yi kwana ya dawo kan hanya. Haka ma a wajen sauka: ko dai ya shigo kai tsaye, ko ya wuce filin ya kewayo ta ɗaya bakin. Kowane kewaye 'yan mintoci ne, amma a tafiyar da duka-duka ba ta wuce minti arba'in da biyar a sama ba, 'yan mintoci abu ne.

To, an tashi. A nan ne lissafin ɗan yayata ya yi babban tuntuɓe, domin kilomita 830 ɗin nan a awa gudun can ƙololuwa ne, inda iska ba ta da kauri, sama da ƙafa 30,000. A ƙasa-ƙasa jirgi ba ya yin wannan gudu. Yana barin titi ne da abin da bai kai kilomita 300 a awa ba. Sannan akwai ƙa'idar da aka saba bi kusan ko'ina a duniya cewa muddin jirgi bai haura ƙafa 10,000 ba, kada ya wuce mil ɗin teku 250 a awa, wajen kilomita 460 ke nan, saboda a nan cunkoso yake, a nan kuma tsuntsaye suke. Sai ya wuce wannan tsawo ake sakar masa linzami. Kafin ya kai inda zai daidaita, minti goma sha biyar ta tafi, kuma mafi yawanta ba a cikakken gudu ba.

Saukowa ma da tata ƙa'idar. Matuƙa jirgi suna da wani lissafin ka da suke yi: kowace ƙafa 1,000 da za a sauko tana buƙatar mil ɗin teku uku na tafiya. Mil ɗin teku ɗaya mita 1,852 ne, kuma da shi ake auna nisa a sama, ba da kilomita ba. Kano zuwa Abuja bai cika mil 200 ba. A ce jirgi ya hau ƙafa 37,000 kamar mai zuwa Landan. Saukowa kaɗai za ta ci fiye da mil 100, hawan kuma ya ci wani fiye da 100. Hanya ta ƙare ke nan tun ba a daidaita ba. Shi ya sa a irin wannan gajeriyar tafiya ba a hawa can, ana tsayawa ne a ƙafa dubu ashirin da wani abu. Ko a hakan ma, hawa ya ci kusan kilomita 140, saukowa ta ci wani kamar haka, abin da ya rage na tafiyar miƙe bai kai kilomita 100 ba. Minti bakwai ko takwas ke nan. Wanda ya taɓa hawa ya lura da yadda ma'aikatan jirgi ke gaggawar raba ruwa da biskit. Ba rowa ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Kafin su kai kujerun baya kyaftin ya riga ya ce a ɗaura bel, an fara gangarawa.

Akwai wata 'yar ƙa'ida da nake so, ko da yake ba ta ƙara lokaci sosai. Jiragen da suka nufi ɓangaren gabas suna bin tsawo mai lambar mara, kamar ƙafa 25,000 ko 27,000, waɗanda suka nufi ɓangaren yamma kuma mai lambar cika, 24,000 ko 26,000. Tunda Abuja ta ɗan karkata yamma, mai zuwa da mai dawowa ba sa haɗuwa a hawa ɗaya. Gwamnati ba ta shimfiɗa tagwayen hanya a sama ba, amma an raba hannu.

Daga nan mutum zai gane dalilin da ya sa jirgi mai farfela bai zama abin rainawa ba a gajeriyar hanya, duk da yadda fasinjojinmu ke yatsina fuska idan suka hango shi. ATR 72, ɗaya daga irin waɗannan jirage, na cin wajen kilomita 500 a awa. A takarda, ya yi wa Boeing nisa a baya. Amma a hanyar Kano zuwa Abuja, inda shi Boeing ɗin minti bakwai kawai yake samu ya nuna bajintarsa, bambancin da ke tsakaninsu bai fi minti goma ko sha biyar ba, alhali mai farfelar bai sha ko kusa da man da wancan ya sha ba. A hanyar Legas ne tazarar ke buɗewa ta haura rabin awa. A ganina, da yawa daga hanyoyin da ke tsakanin biranen Arewa na ƙananan jirage ne irin wannan, kuma nacewa a kan manya na cikin abin da ya hana su ɗorewa.

Ita kanta kilomita 365 ɗin, ma'aunin zare ce. Ka kifa ƙwarya, ka ɗora zare daga wannan ɗigo zuwa wancan ka ja shi ya yi tsam, tsawon da ka samu shi ne abin da waya ke gaya maka. A doguwar tafiya wannan zare yakan fito a lanƙwashe idan aka zana shi a shimfiɗaɗɗiyar taswira, har mutum ya ɗauka jirgi kewaye yake yi alhali ita ce hanya mafi kusa. A tsakanin Kano da Abuja lanƙwasar ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai jirgi ba kasafai yake bin zaren daidai ba. Sama tana da hanyoyi masu suna da mararraba masu suna, akwai ƙofar fita daga kowane fili da ƙofar shiga, akwai kuma wuraren da aka hana bi ta kansu, kamar inda sojoji ke atisaye. Ma'aikatan hukumar NAMA, mai kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar Najeriya, ne ke zaune gaban na'ura suna ce wa matuƙi yi dama, yi hagu, rage gudu, sauko. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba: a taswirar jiragen sama ta duniya, sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiran sa, ba Legas ko Abuja ba. Gadon tarihi ne. A Kano jiragen sojan saman Ingila uku suka sauka ranar 1 ga Nuwamban 1925, bayan sun kwashe kwanaki suna yada zango tun daga Masar, kuma shekaru masu yawa bayan haka Kano ce mashayar jiragen da ke ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Inda bambancin zare da hanya ke fitowa fili shi ne idan siyasa ko yaƙi sun shiga tsakani. Kano zuwa Jidda wajen kilomita 3,400 ne, kuma zaren ya bi ta kan Chadi da Sudan ya tsallaka Bahar Maliya, kusan sawun da kakanninmu suka bi a ƙafa da kan jaki, wasu su yi shekaru a hanya, wasu su zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. A jirgi tafiyar awa huɗu da rabi ce zuwa biyar. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazai suka koma kewaye, tafiya ta ƙaru, mai ya ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin kuɗi. A watan Agustan shekarar kuma Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Najeriya da Turai suka yi kusan wata guda suna zagaye. Garuruwan ba su matsa ko'ina ba. Hanyar ce ta tsawaita.

Iskar can sama ita ma tana da nata hannu. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwale-kwale a kogi, idan ta biyo bayansa ya yi sauri, idan ta tare shi ya yi nawa. Tsakanin Amurka da Ingila wannan kaɗai na sa zuwa da dawowa su bambanta da kusan awa guda. A hanyar Abuja tasirin kaɗan ne, tafiyar ta yi gajarta. Abin da ya fi rikita matafiyanmu shi ne agogo, domin tikiti da lokacin garin da ake ciki yake magana. Saudiyya ta riga mu da awa biyu, don haka maniyyacin da ya tashi ƙarfe 10 na safe ya ga an rubuta sauka ƙarfe 5 na yamma, ba awa bakwai zai yi ba, biyar ne. Gana kuwa tana bayanmu da awa ɗaya. Ɗan kasuwar da ya tashi daga Legas ƙarfe 8 zai je wurin 'yan'uwa a zangon Akara, tafiyar kilomita 400, yana iya sauka agogon bango na nuna ƙarfe 8 ɗin dai. Tsakanin Najeriya da Nijar babu wannan rikici, agogonmu ɗaya.

Duk abin da na lissafa zuwa nan na ranar lafiya ne. Ranar da yanayi ya ɓaci, lissafi sabo ake yi. Hadarin damina na ƙasar nan ba irin wanda ake ratsawa ba ne. Gajimarensa na iya yin tsiri ya wuce inda jirgin fasinja ke iya hawa, cikinsa kuma iska ce mai hawa da sauka da ƙanƙara. Matuƙi yana ganin sa a na'ura tun daga nesa, sai ya nemi izini ya kauce masa da mil masu yawa. Idan kuma a kan filin sauka ya tsaya, sai a yi ta kewaye har ya wuce, ko a tafi wani fili. Fasinja na tsaki idan aka ce an dakatar da tashi saboda hadari, amma mutanen Sakkwato ba su manta da 29 ga Oktoban 2006 ba, ranar da jirgin da ya tashi daga Abuja cikin mummunan yanayi ya faɗi jim kaɗan bayan barin titi, Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo na cikin waɗanda suka rasu. Allah ya jiƙansu. A nan kam, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Hazon hunturu shi kuma ba ya jijjiga jirgi, ido yake rufewa. Kowane fili yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hange kafin a yarda ya sauka, kuma iyakar ta danganta da irin na'urorin jagora da ke filin da kuma waɗanda ke cikin jirgin. Filin da ke da ingantacciyar na'urar saukar da jirgi yana karɓar baƙi cikin hazon da zai rufe wanda ba shi da ita. Shi ya sa daga Disamba zuwa Fabrairu za ka ga an tashi zuwa wani gari an soke na wani, alhali ƙurar ɗaya ce. A irin wannan rana tafiyar awa guda tana iya zama ta kwana biyu.

Su kansu kamfanoni sun san duk wannan, don haka sukan ɗan ƙara mintoci a jadawali don kada kullum a ce sun makara. Idan kyaftin ya ce tafiyarmu minti arba'in da biyar ce, tikiti kuma ya ce awa ɗaya da minti biyar, babu wanda ya yi ƙarya, kowa abin da yake aunawa daban. Amma jinkirin da ya fi cin ran matafiyi a Najeriya ba a hanyarsa yake faruwa ba. Jirgin da zai ɗauke ka ƙarfe 4 na yamma a Kano ba a Kano ya kwana ba. Wataƙila ya fara daga Legas da asuba, ya je Abuja, ya koma, ya je wani gari, sannan ya zo gare ka. Minti ashirin da ya rasa da safe tana bin sa, tana haihuwa a kowane zango, kafin ya iso ta zama awa biyu. Filaye da dama kuma ba a sauka a cikinsu bayan faɗuwar rana saboda rashin fitilun titi, don haka idan lokaci ya ƙure sai kamfani ya sauya tsari ya fara kai na can, naka ya koma dare. Tsofaffin matafiya ba don son tashin asuba suke sayen jirgin farko ba.

Wannan kuɗin tasha na lokaci, shi ne kuma yake bayyana a kuɗin tikiti. Mutane kan yi mamakin yadda tikitin Abuja ke kusan kamo na Legas alhali nisan bai kai rabi ba. Jirgi ya fi shan mai a tashi da hawa, kuma a gajeriyar hanya kusan duk tafiyar hawa ce da sauka. Ban da man tafiya, doka ta wajabta ya ɗauki wanda zai kai shi wani fili idan wannan ya ƙi, da kuma na ajiya da zai riƙe shi rabin awa a sama. Kuɗin sauka, kuɗin masu lodi, kuɗin hasumiya, duk a kan kowane tashi ake biya, ba a kan kilomita ba. Hatta gyaran jirgi, wani ɓangarensa da yawan tashi da sauka ake lissafa shi, don su ne ke gajiyar da tayoyi da birki da gangar jiki. Da man jirgi ya yi tashin gwauron zabo a 2022, har ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta yi barazanar dakatar da aiki a watan Mayu tana cewa lita ta tashi daga naira 190 zuwa 700, gajerun hanyoyi ne suka fi jin jiki.

Akwai kuma inda nisa ke zama zancen banza gaba ɗaya. Kano zuwa Sakkwato a ma'aunin zare wajen kilomita 370 ne, kusan daidai da na Abuja. Amma sau da yawa wanda ya dage sai ya je a jirgi, Abuja zai fara zuwa, ya zauna jira, sannan ya hau wani ya yi kilomita kusan 490 ya koma arewa. Ya yi sama da kilomita 850 ke nan, da tikiti biyu, da yini guda, don ya je garin da ke gefensa. Damagaram ta fi haka kusa, kilomita 200 ce kawai daga Kano, kuma duk da cinikin da ke tsakanin garuruwan biyu tun zamanin ayari, mota ce hanyarta. Taswirar jiragenmu kamar tafin hannu take, duk yatsu Abuja da Legas suke komawa, yatsa ba ya taɓa ɗan'uwansa. Ba fasaha ce ta hana ba. Jirgi sai ya cika kujeru kullum kafin hanya ta ci da kanta, kuma kasuwar da ke tsakanin biranen Arewa ba a taɓa gwada ta da haƙuri da jirgin da ya dace da ita ba.

Kaduna ta nuna ɗaya gefen. Tsakanin filinta da na Abuja bai kai kilomita 200 ba, nisan da kuɗin tasha ke cinye ribar tashi. Shi ya sa da jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna a 2016 ya kwashe matafiya, manya da ƙanana. Sai da aka kai masa hari a ƙarshen Maris na 2022 mutane suka koma neman kujera a sama. Ba sauri suke saye ba a lokacin, kwanciyar hankali suke saye. Haka ma da yawa daga masu hawa jirgin Kano zuwa Abuja: abin da suke gudu shi ne sama da kilomita 400 na kwalta, da manyan motoci, da kewayen masu gyaran hanya, da fargabar dajin da ke tsakanin Kaduna da Abuja.

Da na gama yi wa ɗan yayata wannan dogon bayani, bai ce ya gamsu ba. Ya ɗauki waya ya kira mahaifiyarsa ya tambaye ta ƙarfe nawa ta bar gida, ƙarfe nawa ta shiga masauki. Ta ce ta fita ƙarfe 7 don a tantance kaya da wuri. Jirgi ya tashi kusan a kan kari, ta jira akwati, sannan ta yi tafiyar kilomita 40 daga filin jirgi zuwa cikin gari, ga cunkoson Lugbe, ta ajiye jaka ƙarfe 11 da rabi. Ya juya bangon littafin ya sake rabawa: kilomita 365 cikin awa huɗu da rabi. Ya sami 81. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ai wannan gudun Sharon ne a hanyar Zariya."